Bargon Kamfani

Shekara ashirin da uku ta yi tana tura keken abinci a tsakanin kujerun jirgin sama, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Tun daga matuƙa har masu shara, Uwar Jirgi suke ce mata. Ita ce babba a cikin masu kula da fasinja, kuma ranar da ƙungiyar ma'aikata ta tashi zaɓen waɗanda za su zauna da kamfani a kan sabuwar yarjejeniyar aiki, ko hannu ba a tsaya ƙirgawa ba, kowa ya ce ita.

Su uku aka tura. Akwai Sakatare, mutum mai sanyin murya, wanda in ya kama karanta takarda ko waƙafi ba ya tsallakewa. Akwai kuma Ƙarfe, wakilin masu lodin kaya, wanda rarrafe a ƙarƙashin jirgi ya cinye masa gwiwoyi amma ya bar masa baki lafiya lau.

A hawa na huɗu ake zaman, a wani ɗaki mai dogon tebur da tagogi masu kallon titin da jirage ke tashi. A kusurwa akwai kabad na gilashi da aka jera kayan ado: ƙaramin jirgi na roba, kofuna masu tambarin kamfani, da bargo shuɗi a naɗe wanda bai taɓa rufa jikin kowa ba. A bango kuwa ga wani ƙaton hoto na wata budurwa riƙe da tire tana murmushi har kunne. Uwar Jirgi ce, shekara ashirin baya, lokacin da kamfani ya yi talla da fuskarta. Kullum sai ta zaɓi kujerar da za ta ba hoton baya.

A ɗaya gefen teburin Darakta ne da Lauyar kamfani. A ƙarshen teburin kuma ga wani dattijo da ofishin ƙwadago ya turo ya shiga tsakani, mai yawan rubutu da ƙarancin magana.

Mako uku ana jan igiya, an daidaita a kan kusan komai, sai sashe na tara, sashen hutu. Doka ta ce awa goma ake ba ma'aikaci tsakanin sauka da tashi na gaba. Kamfani ya ce ai yana bayarwa, kuma a takarda gaskiya ya faɗa, domin daga lokacin da aka kashe injin yake fara ƙirgawa. To amma wa ya taɓa kwanciya da kashe injin? Sai fasinja sun gama fita da jakunkunansu da 'ya'yansu, a duba ƙarƙashin kowace kujera, a miƙa rahoto, a jira motar ma'aikata, a sha cunkoson hanya. Kafin mutum ya cire takalmi awa uku ta tafi, kuma awa biyu kafin tashi dole ya dawo fes da shi. Awa goman nan in aka tace ta, biyar ce. Ƙungiya ta ce a fara ƙirgawa daga ƙofar masauki.

Kuma sashen nan yana da fuska, fuskar Auta. Ita ce ƙarama a ayarin Uwar Jirgi, shi ya sa ake kiranta haka, yarinya mai zafin nama da ke riƙe da mahaifiyarta. A tafiyarta ta huɗu cikin kwana uku, ta zauna a 'yar kujerar nan mai naɗewa da ke bakin ƙofa, jirgi yana shirin sauka, sai gyangyaɗi ya sace ta. Minti biyu, in ji masu lissafi. Wani fasinja ya ɗauke ta hoto da waya, hoton ya zaga duniya, kafin mako ya ƙare an miƙa mata takardar sallama da sa hannun Darakta. Ƙungiya ta ɗaure maganar mayar da ita a jikin sashe na tara. Kamfani kuwa ya san in ya yarda hutun bai isa ba, ya yarda ke nan an zalunci yarinyar, don haka ya kafe.

Ranar Talata da hantsi aka sake tayar da maganar. Darakta ya jingina da kujera, ya ce, "Ku daina min zancen yarinyar nan. Wanda ya rufe ido a bakin aiki ba shi da uzuri, ko da na minti ɗaya ne. Dattijo, rubuta wannan, ni na faɗa."

Dattijo ya rubuta.

Ran Uwar Jirgi ya ɓaci. Amma shekara ashirin da uku ba wasa ba ce. An koya mata tun tana yarinya cewa in fasinja ya zage ta, murmushi. In jirgi ya faɗa ramin iska kofuna suka tashi sama, murmushi. Fuskarta ta saba har ba ta neman izininta. Tana tafasa a ciki, leɓɓanta suna ta aikinsu.

"Kun gani?" in ji Darakta yana nuna ta da biro. "Ita kanta Uwar Jirgi ta fahimce ni."

Garin nunin, hannun rigarsa ya ture kofin shayi, ya malale a kan tebur ya nufi takardunsa. Kafin kowa ya ce wani abu tana tsaye a gefensa. Ta ɗauke takardun da hannu ɗaya, ta tare shayin da tsumma da ɗayan, ta goge, ta sake zuba masa wani, ta juya hannun kofin ya kalli damansa. Har da cewa, "Ba komai, ranka ya daɗe, a yi hankali da zafi."

Sai da ta koma ta zauna ta ga idon Ƙarfe. Nan ta gane abin da ta yi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A matakala Ƙarfe ya tare ta, bai ma bari sun sauka ba.

"Haba Yaya! Haba! Mutumin nan ya gama taka mu, ke kuma kin tashi kina goge masa tebur? Saura ki tambaye shi kaza zai ci ko kifi!"

"Ƙarfe, wallahi ban san na tashi ba."

"Ai shi ne abin haushin. Mu muna can ƙasa muna gaya wa mutane mun tura zakanya, ashe mai tire muka tura. Jibi ne zaman ƙarshe fa. In aka tashi haka, yarinyar nan ta tafi ke nan."

Sakatare ya ce a yi haƙuri, a bi a hankali. Ƙarfe ya ce shi ma ya yi musu shiru, da karatunsa mai sa mutum hamma. Ya sauka yana ɗingishi yana mita.

A mota ta kira Auta, don kullum sai ta kira ta. Yarinyar ta yi ta ƙoƙarin dariya. "Anti, kin san abin mamaki? Barci ya sa aka kore ni, yanzu kuma ga lokaci har ya yi yawa, barcin ya ƙi zuwa. In na rufe ido sai hoton nan nake gani." Uwar Jirgi ta ce mata ta kwantar da hankalinta, ta kashe waya, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

Da yamma ta ba maigidanta labari tana zuba masa abinci. Tela ne, mai son tsokana, ya yi dariya har da buga cinya.

"To ke da wa kike faɗa? Ni nan in na yi atishawa a ɗaki, kafin in buɗe ido kin miƙo min tsumma. Ranar da aka kawo ki gidan nan ma sai da kika nuna min ƙofar fita ta gaggawa."

"Malam, ina cikin damuwa kana wasa."

"Yi haƙuri. Amma hali ne, ba a cire shi kamar ɗankunne."

Ya ci ya ƙoshi. Ita kuwa hannunta yana ta aiki hankalinta yana wani wuri. Rana tana dukan fuskarsa ta taga, ta saki labule. Ta rage fanka. Ta kawo masa shayi mai madara, ta tura masa matashi a bayan wuya. Yana cikin ba ta labarin wani mai kawo ɗinki, maganar ta fara tsinkewa.

"Ke dai," ya ce, idonsa a lumshe, "hannun nan naki... ko ɓarawo kika yi wa hidima sai ya kwana a gidan."

Barci ya kwashe shi. Ta tsaya da tire a hannu tana kallonsa, ta daɗe a haka. Abin da ta yi masa yanzu shi ne abin da take yi wa mutum ɗari biyu a kowace doguwar tafiya. Kowane ma'aikacin jirgi ya san shi, ba a dai rubuta shi a littafin koyarwa ba: a ciyar da su da nauyi, a bi da abu mai ɗumi, a rage haske, a ce wa matuƙi ya ɗan ƙara ɗumin ciki kaɗan. Minti ashirin, jirgi ya yi tsit, har mai jaririn da ya addabi kowa. Ta ajiye tiren a hankali don kar ta tashe shi, ta fita tsakar gida ta kira Sakatare.

"Sashe na tara da duk ƙarin bayanansa, shafi nawa ne?"

"Goma sha huɗu, Yaya."

"Jibi bayan cin abinci za ka karanta shi duka. Kar ka yi sauri."

"Ni dama ba na sauri."

"Na sani, shi ya sa na kira ka."

Ranar Alhamis aka shiga tun ƙarfe takwas. Aka yi ta juya magana ɗaya har rana ta take. Lauya ta kawo lissafin jirage, Ƙarfe ya buga tebur sau biyu, Darakta ya ce shi fa ya gama magana tun shekaranjiya. Uwar Jirgi kuwa kallonsa kawai take yi irin kallon da take yi wa fasinja. Ta ga jan da ke idonsa, ta ga yadda yake murza goshi, ta ga hammar da ya haɗiye sau uku. Wannan ko a layin farko yake zaune, ta san ba zai kai rabin tafiya ido biyu ba.

Da aka kawo abincin rana, sai ta miƙe ta karɓi cokalin rabo daga hannun mai kawowa. Ƙarfe ya zaro ido. Ta zuba wa Darakta shinkafa da nama, ta ƙara, ya ce ya isa, ta ce, "Ɗan wannan dai, ranka ya daɗe, zaman da saura." Ta haɗa masa shayi mai kauri da madara. Ta ce rana tana haska takardu, ta saki labulaye. Da za ta wuce ta jikin bango, ta taɓa na'urar sanyaya ɗaki sau biyu da ɗan yatsa.

Ƙarfe ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Yaya, in kin koma wajensu ne ki gaya min in tafi gida."

"Ci abincinka," ta ce, tana murmushi.

Bayan an kwashe kwanuka ta roƙi alfarma: tunda yau ce rana ta ƙarshe, a karanta sashen gaba ɗaya kowa ya ji, kuma a raba wa kowa kwafin jadawalin tafiye-tafiyen watan da aka sallami Auta. Dattijo ya ce wannan daidai ne. Jadawalin yana ofishin Lauya a hawa na biyu, sai Lauyar ta tashi ta tafi ɗaukowa tana tsaki ƙasa-ƙasa.

Sakatare ya gyara tabarau ya fara. Allah ya yi wa bawan nan murya kamar ƙarar injin jirgi in ya daidaita a sama, ba hawa ba sauka. "Sashe na tara, ƙaramin sashe na ɗaya, sakin layi na farko..." A shafi na biyu Darakta ya tallafe haɓa. A na uku biro ya zame daga yatsunsa. A na huɗu kansa ya yi gaba, ya fizgo shi, ya gyara zama, ya ce "Uhm, ci gaba." A na biyar kan ya kwanta a jikin kujera, baki ya ɗan buɗe, numfashi ya canja.

Sakatare ya ɗago ido. Uwar Jirgi ta yi masa alama da hannu ya ci gaba, don ta san yankewar ƙara ita ke tayar da mai barci. Ta dubi agogon bango, ta dubi Dattijo. Dattijo ya dubi agogon shi ma, ya rubuta wani abu.

Sai a lokacin Ƙarfe ya gane. Fuskarsa ta washe, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. Ya lallaɓa aljihu ya zaro waya, ya saita ta a kan Darakta.

Uwar Jirgi ta dafe wayar a kan tebur. Babu murmushi ko ɗigo a fuskarta, kuma Ƙarfe bai taɓa ganinta haka ba.

"Mayar da ita," ta ce a hankali. "Mu ba ma ɗaukar hoton mai barci."

Ya mayar.

Ta tashi ba ƙarar takalmi, ta buɗe kabad ɗin gilashi, ta ɗauko shuɗin bargon nan, ta warware shi, ta rufa wa Darakta daga gwiwa zuwa ƙirji yadda ta rufa wa dubban mutane, ko motsi bai yi ba. Ta koma ta zauna ta harɗe hannu. A waje wani jirgi ya tashi, gilashin taga ya ɗan yi rawa. Sakatare yana shafi na tara.

Ƙarar ƙofa ce ta tashe shi, da Lauya ta dawo rungume da takardu. Ya zabura, ya dubi mutane, ya dubi bargon da ke jikinsa da tambarin kamfaninsa a kai. Lauya ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ina jin ku," ya ce yana ture bargon. "Ina ji, tunani nake yi."

"Minti goma sha ɗaya," in ji Dattijo, idonsa a kan littafinsa. Kusan ita ce doguwar maganarsa ta farko a mako uku.

Kunya ta sa bakin Darakta ya riga hankalinsa. "Ku yi haƙuri. Jiya ban samu barci sosai ba, kwana uku ke nan ina ta..."

Ya tsaya. Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa.

"Mun yarda, ranka ya daɗe," in ji Uwar Jirgi. "Wallahi mun yarda, don mun san yadda abin yake. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ni na sa ka barcin nan. Na ƙosar da kai, na rage haske, na ɗumama ɗakin. Sana'ata ce. Shekara ashirin da uku ina sa mutane barci a sama, ni kuwa ba ni da izinin rufe ido. Kai a kan gadonka ka kwana jiya, a zaune ka wuni, cikin sanyi, awa biyar kawai. Auta tafiya huɗu ta yi a tsaye cikin kwana uku, tana ɗaga akwatunan mutane, kuma ita ce za ta buɗe ƙofar nan ta fitar da su in wuta ta tashi. Minti biyu ta yi. Babu wanda ya rufa mata bargo."

Lauya ta buɗe baki ta ce wannan ai tarko ne. Uwar Jirgi ta ce, "Tarko ne, 'yar'uwa, na ce ni na ɗana. Amma ga wayoyinmu, duba, babu hoto ko ɗaya. Abin da ya faru a ɗakin nan ba zai fita ta bakinmu ba, ko an sa hannu ko ba a sa ba." Ta juya ga Dattijo. "Baba, karanta mana abin da aka ce ka rubuta ranar Talata."

"Ba sai ya karanta ba," in ji Darakta.

Ya daɗe yana kallon bargon da ke kan cinyarsa. Ya ɗaga kai ya dubi hoton bango, ya dubi matar da ke zaune a ƙarƙashinsa, kamar yau ya fara haɗa su. Sannan ya nemi a ba su rabin awa, shi da Lauya suka fita.

Ba duka aka samu ba, kamfani bai taɓa ba da abu duka ba. A gajerun tafiye-tafiye sun ce awa tara, a dogaye goma, amma daga ƙofar masauki za a fara ƙirgawa, kuma aka rubuta haka baƙi da fari. A ƙasan shafin aka ƙara layi ɗaya: an janye takardar sallamar Auta, ta koma bakin aikinta ranar Litinin, ba tare da tabo a fayil ɗinta ba. Sakatare ya so ya karanta daga farko, Ƙarfe ya ce don girman Allah a bar shi haka, kar a sake rasa wani.

Darakta ya sa hannu. Ya ajiye biro, ya ɗan turo kofinsa gaba, ba tare da ya lura ba, wajen Uwar Jirgi. Ta ji hannunta yana ƙaiƙayi, ƙafarta har ta motsa. Ta danne tafin hannunta a kan cinya.

"Filas ɗin yana bayanka, ranka ya daɗe," ta ce.

Ya juya ya zuba da kansa, ya ɗan zubar a kan tebur, ya nemi tsumma ya goge.

A matakala Ƙarfe ya cim mata. Sai ya karɓi jakarta ya riƙe mata, yana ɗingishi a gaba yana faɗa wa duk wanda suka gamu da shi, "Ku ba Yaya hanya!" Ita kuwa alfahari ya cika mata ƙirji, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Tiren nan da aka raina, da tsumman, da bargon, su suka yi aikin.

Ta tsaya a inuwar ginin ta kira lambar Auta. Mahaifiyar ce ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, yi haƙuri, yanzun nan barci ya ɗauke ta a kan kujera. Kwana uku ba ta runtsa ba. Lafiya dai? Bari in tashe ta."

"A'a, Mama, kar ki tashe ta," in ji Uwar Jirgi. "Ki rufa mata wani abu, ki saki labule. In ta farka don kanta, ki ce mata ta goge takalminta, Litinin tana da tashi."